Daga Kyallu Zuwa Daso: Wa Ke Rubuta Muguwar Mace, Wa Ke Shan Zaginta?

Ranar Talata, 9 ga Afrilu 2024, ana jajiberin ƙaramar salla, labari ya bazu cewa Saratu Giɗaɗo, wadda duniya ta sani da Daso, ta rasu a Kano. Ta yi sahur ta koma ta kwanta, ba ta sake tashi ba. Shekararta 56. Allah Ya jiƙanta da rahama.

Cikin ta'aziyyar da ta cika Facebook da TikTok a waɗannan kwanaki, akwai magana guda da kusan kowa ya maimaita, daga abokan sana'arta har waɗanda sau ɗaya suka taɓa haɗuwa da ita a wurin biki: wai ba yadda ake ganin ta a fim take ba, mace ce mai fara'a da barkwanci da son jama'a. Shaida ce mai kyau, kuma kowa na fatan ya samu irinta. Amma me ya sa sai an yi ta da wannan siga? Idan jarumin da ya saba fitowa a ɗan daba ya kwanta dama, ba kasafai ake jin mutane na rantsuwa cewa bai taɓa sarar kowa ba. Ita kuwa Daso sai da aka yi ta wanke ta, kamar wadda ta bar shari'a a gaban alƙali. Laifin da ake wanke ta daga gare shi kuma ba ita ta aikata ba. Wani ne ya zauna ya rubuta shi, aka miƙa mata takarda ta haddace.

Wannan mata da Daso ta shafe shekara ashirin da huɗu tana ɗauke da ita, wato muguwar kishiya, uwar miji mai hana ruwa gudu, uwar ɗaki mai kai amarya wurin boka, ta girmi Kannywood nesa ba kusa ba. In ana neman inda ta yi ƙuruciya a rubuce, sai a sauka a Tashar Yari a kan hanyar Zariya zuwa Kano, a shiga Maƙarfi. Garin da aka fi sani da rake da mazarƙwaila shi ne ya ba adabin Hausa Shu'aibu Maƙarfi, marubucin Zamanin Nan Namu, wanda ya fito a 1959, da kuma Jatau Na Kyallu. Duk wanda ya karanta Hausa a makarantar sakandare ko kwalejin horon malamai a shekarun baya ya san Jatau: mutum mai abin hannunsa da iyalinsa, ya kwaso karuwa ya kawo gida, gidan ya watse, dukiya ta bi ruwa. Maƙarfi gwani ne wajen kama bakin mutane. Mutanensa suna magana yadda ake yi a zaure da bakin kasuwa, abin da har yau yake gagarar marubutan fim da yawa. Sai dai wasan, tun daga sunansa, na Jatau ne. Shi ake tausayawa, shi ake yi wa dariya, shi ake so maza su ɗauki darasi a kansa. Kyallu masifa ce da ta faɗo masa kamar fari a gonar gero. Matan da ta tarar a gidan kuwa suna cikin asarar da ya tafka, tare da kuɗi da mutunci.

Wannan ƙashin labari, na attajiri da karuwa da gidan da ya rushe, shi Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta ɗauka a 1990 a littafinta Alhaki Kuykuyo Ne. Ban ce ta kwaikwayi Maƙarfi ba. Labarin yana kwance a kowace unguwa, kowa na iya tsintar sa. Abin da ta yi da shi ne ya bambanta.

Kafin a zo nan, ya kamata a san wace ce mai alƙalamin. An haife ta a Kano, ƙanwa ce ga Janar Murtala Ramat Muhammed, shugaban ƙasar da aka kashe ranar 13 ga Fabrairu 1976. Wannan dangantaka ba ta hana a cire ta daga firamare a yi mata aure tana 'yar shekara goma sha uku ko ƙasa da haka ba, auren da bai kai shekara biyu ba ya mutu. Sauran karatunta a ajin yaƙi da jahilci na manya ta yi shi. Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987, kan Alhajin da ya mai da aure da saki kamar sauya riga. Ta kasance cikin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama tare da su Ado Ahmad Gidan Dabino, a lokacin da wasu masana ke yi wa irin rubutunsu laƙabin adabin kasuwar Kano, da nufin raini. A Wa Zai Auri Jahila? ta ba da labarin Abu, yarinyar da aka cire daga makaranta aka aura wa tsoho Sarkin Noma, ta gudu birni, ta yi karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ba sai an gaya wa mai karatu daga ina ta samo zafin da ke cikin wannan littafi ba.

To, a Alhaki Kuykuyo Ne, Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai rumfa a Sabon Gari. Matarsa Rabi ta haifa masa 'ya'ya tara, yana ba ta kuɗin cefanen da ba ya isa, shi kuma yana cin mai kyau a waje. Ya auro Delu, tsohuwar karuwa, rikici ya tashi, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Har nan, hanyar Jatau ce. A nan ne kuma Balaraba ta yi abin da ya sa littafin ya rayu: da aka rufe ƙofa a bayan Rabi, marubuciyar ba ta zauna a cikin gida tana kallon yadda Delu za ta tatse Alhaji ba. Ta bi Rabi waje. Ta bi ta gidan haya, ta tsaya a kanta tana dafa abincin sayarwa, tana lissafin kuɗin makarantar yara, tana haɗa kayan ɗakin 'yarta Saudatu. Shafukan da wani zai cika da kirsa da asiri, ita ta cika su da kwano da tukunya da kuɗin cefane. Masu cewa littafin ya cika lissafin kayan lefe da na gara ba su lura ba ne cewa lissafin shi ne labarin. Matar da aka saka da 'ya'ya tara ba ta da lokacin dogon tunani a kan soyayya. Abin da ke hana ta barci shi ne mudu nawa ya rage.

Ƙarshen littafin ya fi komai nauyi. Gobara ta cinye rumfar Alhaji Abdu, an sace motarsa, Delu ta nuna halinta. Sai maza suka taru, dangi da manya, suka matsa wa Rabi ta koma ɗakinta, alhali ta riga ta tsaya da ƙafarta, ta ɗanɗani kwanciyar hankali. Ta koma, ba da son ranta ba, ta zama ita ke ciyar da wanda ya wulaƙanta ta. Mai karatu na gaggawa zai ce an yi sulhu, alhaki ya kama mai shi, kowa ya huta. Wanda ya karanta a tsanake zai ga cewa hukuncin da aka yanke wa Alhaji, Rabi ce aka ɗora wa ɗaukarsa. Balaraba ba ta yi wa'azi a kan wannan ba. Ta ajiye shi a gaban mutum ta tafi, kuma shirun nan nata ya fi dogon jawabi ciwo. Ba mamaki da ya zama littafin da Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci, kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ya buga a 2012, har mutanen da ba su taɓa jin sunan Sabon Gari ba suka san Rabi.

Duk da haka akwai inda nake ganin alƙalaminta ya tsaya. Ta 'yanta uwargida daga zama kayan ɗaki a labarin miji, amma Delu tana nan inda Maƙarfi ya bar Kyallu. Ba mu san wa ya haife ta ba a zuci, ba mu san auren fari da ta yi ba, ba mu san daren da ta fara kwana a gidan da ba na iyayenta ba kuma ba na miji ba. Abin ya fi ba da mamaki daga marubuciyar da ta rubuta Abu. Ai da Abu ta sauka a tasha a Kano ba ta samu 'yar uwar da ta riƙe ta ba, wa ya san inda za ta kwana? Tsakanin Abu da Delu tazarar ba ta wuce ƙofa ɗaya da aka buɗe ko aka rufe ba. Haka kuma tsirar Saudatu ta zo ne ta hannun Alhaji Abubakar mai kuɗi da kirki, wato maganin mugun attajiri shi ne attajiri nagari. Wannan mafarki ne mai daɗi, amma yawancin 'ya'yan Rabi na gaskiya, a Kano ko Hunƙuyi ko Paki, ba sa gamuwa da shi a hanya.

Lokacin da littafin ya fito, fim ɗin bidiyo na Hausa yana rarrafe. A 1990 ɗin nan ne ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya. Marubutan littafi na cikin waɗanda suka fara ba sabuwar sana'ar labarai, kuma a 1998 Abdulkareem Muhammad na kamfanin Filaps ya mai da littafin Balaraba fim da sunan Alhaki Kwikwiyo. Ita kanta ba ta tsaya a littafi ba, ta shiga rubuta fim da shirya shi. Aikinta mafi girma a wannan fage shi ne Juyin Sarauta na 2017, labarin gidan sarauta a zamanin da, wanda ta rubuta kuma ta shirya, ya kuma ci kyaututtuka. Abin da ya raba shi da tarin finafinan sarauta da ake yi da rawanin aro shi ne an zauna an yi bincike kan sutura da kayan gida da yadda ake magana a fada. Ido ɗaya ne da wanda ya ƙirga kwanukan Rabi. Marubuciya ce da ta yarda cewa ana gane mutum ta abin da yake ci da abin da yake sawa da wanda yake durƙusa wa.

Sai dai kasuwar fim ba irin wannan ido take saye ba. Kyamara tana son hayaniya. Mace tana tuƙa tuwon sayarwa da asuba ba ta sayar da kaset, amma kishiyoyi biyu sun cire ɗankwali a tsakar gida, wannan kam har a fosta. Don haka da labarin gidan Bahaushe ya koma bidiyo, sai Rabi ta ja baya, Delu ta dawo gaba. Aka samu gurbi na dindindin a kusan kowane fim, na macen da za ta kunna wutar da jarumi da jaruma za su sha wahalar kashewa kafin a yi waƙa. Marigayiya Hauwa Ali Dodo ta riƙe wannan gurbi da ƙarfi a Ki Yarda Da Ni, wanda aka ɗauko daga littafin Bilkisu Ahmed Funtuwa, har sunan Biba Problem ya danne nata na yanka. Da shi aka yi ta kiran ta har ranar 1 ga Janairu 2010 da ta rasu a hatsarin mota.

Daso ta shigo a 2000 da fim ɗin Linzami Da Wuta na kamfanin Sarauniya, sannan Nagari da Gidauniya da Mashi da Sansani suka biyo baya. Ba ta shigo tana 'yar yarinya mai rawa da waƙa ba, ta haura talatin, saboda haka tun farko gurbin uwa da kishiya da gwaggo ne ya jira ta. Abin da ta yi da gurbin shi ya cancanci nazari, domin yawancin abin da ake ba ta a takarda ba shi da zurfi. Mace ce muguwa, dalili kuwa babu, haka Allah Ya yi ta. Daso ta cike wannan rami da jikinta. Tana da murya mai hawa da sauka, takan fara magana a sanyaye kamar mai lallashi, sai ta ɗaga ta a tsakiyar jimla ta sare mutum. Tana da wani kallo na gefen ido da take yi kafin ta yi ƙarya, wanda ke sa mai kallo ya zama abokin sirrinta: kai ka san abin da za ta yi, mijin fim bai sani ba. Takan jefa Turanci a inda ba a zata ba, ta tafa hannu, ta gyara ɗaurin kallabi kamar mai shirin dambe. Sama da duka, tana sa dariya a cikin mugunta. Matar da take fitowa a matsayinta tana jin daɗin abin da take yi, kuma wannan jin daɗi ne kaɗai alamar rai a finafinai da yawa da jarumarsu ba ta da aiki sai kuka da haƙuri.

A nan ne abin ya zama mai wuyar sha'ani. Matan da ke kallon ta a ɗakunansu, a Kudan ko Ikara ko Fagge, suna tsine wa halin, amma ba sa tashi daga gaban talabijin in ta fito. Ita kaɗai ce mace a fim ɗin da ke faɗa wa miji magana a fuska, take fita lokacin da ta ga dama, take riƙe kuɗinta. Marubucin ya ba muguwa duk 'yancin da ya hana ta kirki, sannan a minti goma na ƙarshe ya haukatar da ita ko ya sa ta tuba tana kuka, don hukumar tace finafinai da malamai su ga an yi faɗakarwa. Darasin da yarinya mai kallo ke ɗauka ba lallai ne ya zama wanda aka rubuta a ƙarshen fim ba. Tana iya fahimtar cewa mace mai baki ita ce muguwa, ko kuma cewa sai ka zama mugu kake da baki. Duka biyun ba alheri ba ne, kuma ba Daso ce ta tsara su ba.

Masu kallon finafinan Indiya na da za su tuna Lalita Pawar, tsohuwar nan mai ƙanƙantaccen ido ɗaya da ta shekara da shekaru tana fitowa a muguwar uwar miji, har sunanta ya zama abin da ake kiran duk surukar da ta addabi matar ɗanta. Ciwon iri ɗaya ne. Amma Indiyawa sun yi wani abu da mu ba mu yi ba. Salim Khan da Javed Akhtar, waɗanda suka rubuta Zanjeer na 1973 da Sholay na 1975, sun yi tsayin daka sai an sa sunansu a fosta, har ta kai mutane na shiga sinima saboda sunan marubuci. A wurinmu, tambayi mai sayar da rake a bakin tasha wace ce Daso, zai kwaikwayi muryarta ma. Tambaye shi wa ya rubuta fim ɗaya daga cikin waɗanda ta fito, sai ya dube ka. Sunan marubuci yana wucewa a farkon fim da sauri, sau da yawa ma mai tura finafinai a waya ya yanke wurin.

Wannan ɓoyuwa tana cutar marubuci a aljihu da suna, amma tana kare shi daga jifa. Jaruma kuwa fuskarta ce a waje. Ita ake nunawa a kasuwa, ita ake yi wa huɗuba, ita ake kora in an ga abin da ba a so, kamar yadda ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau a 2016 saboda bidiyon waƙa. Ladan kuma bai taka kara ya karya ba. A 2022 Ladin Cima, wadda aka fi sani da Tambaya, ta shaida wa BBC Hausa cewa dubu biyu zuwa biyar ake ba ta a fim bayan shekaru masu yawa tana sana'ar. Wasu manyan masana'antar sun musanta, aka yi ta cacar baki, amma ba wanda ya ce iyayen fim mata suna cikin daula. Daso ta fi da yawansu sa'a. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya ba ta matsayin jakadiya a zamanin sarautarsa ta farko, wato fada ta ga abin da masu rubuta mata fim ba su gani ba: mace mai iya magana da shiga jama'a, wadda za a iya aika ta da saƙon girma.

Yanzu zamanin finafinai masu dogon zango ne. Tun da tashar Arewa24 ta fara Daɗin Kowa, sannan Labarina da ire-irensa suka mamaye YouTube, marubuci ya samu fili da bai taɓa samu ba, kuma sunaye irin su Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih da Yakubu M. Kumo sun fara zama sanannu ga masu kallo. A fim na awa biyu ana iya cewa ba lokacin da za a tsaya bayyana yadda kishiya ta zama abin da ta zama. A shiri mai kashi sittin wannan uzuri ya faɗi. Duk da haka, sau nawa aka ware kashi ɗaya cur aka koma ƙauyen su Delu, aka nuna ta tana 'yar shekara goma sha uku ana wanke mata ƙafa za a kai ta gidan sa'an kakanta? Balaraba ta rubuta rabin wannan labari a Wa Zai Auri Jahila?, ta rubuta ɗaya rabin a Alhaki Kuykuyo Ne, ba ta haɗa su a mace ɗaya ba. Jarumar da nake ganin za ta iya ɗaukar wannan haɗi, ta sa a tsani matar a kashi na farko a yi mata kuka a na goma ba tare da ta sauya murya ba, ita ce aka yi wa sutura a Kano ana gobe salla.

A shekarunta na ƙarshe Daso ta koma ɗaukar gajerun bidiyo da wayarta tana sakawa a Instagram da TikTok. Babu darakta, babu takardar haddacewa. Tana raha, tana cakuɗa Hausa da Turanci, tana tsokanar abokan aikinta matasa da ke kiran ta Mama. Yara da yawa da ba su taɓa riƙe kaset ɗin Linzami Da Wuta ba ta nan suka san ta, kuma su ba su buƙaci a rantse musu cewa tana da kirki ba.